Jirgina na shan ruwa duk da kwaltar da na zuba masa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na sayi kwale-kwalen katako na hannu, tsawonsa mita 6, ina su da shi a tafkin Gidimuni. Tafiya ta kama ni, na fitar da shi na kife a bakin ruwa tun watan Disamba, ban mayar da shi ba sai ƙarshen Mayu. Tun daga ranar yake shan ruwa. Sau biyu ina narka kwalta ina shafe ƙasansa, amma har yau in muna cikin tafki ƙanena ba ya ajiye ƙwaryar kwarfa. Wasu sun ce in lulluɓe shi da kwano, wasu sun ce in sayi famfo mai batir. Kuma ina da niyyar ɗaura masa inji in riƙa ƙetarar da mutane da damina. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa sana'a albarka. Maganar ɗaukar mutane ka jingine ta tukuna, kuɗin kwalta ta uku kuma ka bar su a aljihunka. Na yi shekaru ina haɗa jirage ina gyara su a bakin Tafkin Chadi, wajen Bosso, kafin a kwashe mutanen tsibirai a 2015 in dawo gida Damagaram, kuma irin wannan ciwon na jirginka shi aka fi kawo mini. Rana da iskar hunturu ne suka buɗe shi a wata shidan da ya yi a kife. Kwalta kuwa ka zuba ta ne ba ka san ta inda ruwan yake shiga ba, shi ya sa ta ci kuɗinka sau biyu ba ta biya ka ba.

Bari in fara da halin katako, don in ka gane shi sauran maganar za ta zo maka da sauƙi. Katako in ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe ya tsuke. Tsukewar a faɗi take, a tsawo kusan babu. Falanki mai faɗin santimita 30 da ya saba zama cikin ruwa, in ya sha hunturunmu ya ɗora da zafin Afrilu da Mayu, yana iya rage kusan santimita guda. To ka duba falanki nawa ne a ƙasan jirginka, kowane yana ja gefensa. Haɗin da ke tsakaninsu ya buɗe baki, audugar da aka cusa tun farko ta saki, tsohuwar kwalta ta tsattsage. Ƙusoshi kuma, da yake ƙarfe ba ya tsukewa tare da itace, sai raminsu ya yi musu yawa, wani wurin ma falankin ya tsage daga kan ƙusa ya bi tsawonsa. Jirgin katako ba a yi shi don ya zauna a bushe ba. Abin da ke hana shi yoyo shi ne falanki ya kumbura ya matse ɗan'uwansa, auduga tana tsakani. Kwalta sutura ce kawai a kan wannan matsin, tana kare audugar. In matsin babu, ko ganga guda ka juye, da jirgin ya motsa cikin ruwa za ta tsage a kan layin da ta tsage jiya.

Saboda haka aikin farko ba ya cin ko dala. Ka kai jirgin inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ka cika shi ya nutse, ka ɗora masa duwatsu ko buhunan yashi, ka ɗaure shi ka tafi. Kwana uku zuwa mako guda. Da yake ka riga ka shafe bayansa da kwalta, ta ciki zai fi sha, don haka ka tabbata ruwa ya rufe shi har baki. Na sha ganin jirgin da mai shi ya fid da rai da shi, bayan wannan jiƙon fiye da rabin yoyon ya ɗauke da kansa. Za ka ce ai ya kwana biyu yana aiki cikin ruwa tun Mayu. Ƙasansa ne ya jiƙa, falankin gefe da ke sama da ruwa har yanzu a bushe suke, kuma su ne ke ba ka ruwa duk lokacin da aka yi lodi ko igiyar ruwa ta bugo.

Bayan jiƙo sai bincike, kuma a nan nake so ka yi haƙuri, don a nan gyaran yake. Kwarfe ruwan duka, ka wanke laka da ɓawon kifi, ka goge cikin da tsumma har ya tsane. Ka ɗebo busasshiyar toka ka barbaɗa siriri a kan kowane haɗi, da gindin kowane haƙarƙari, wato itacen da ke riƙe falanki ta ciki, da kusurwar goshi da ta baya. Tura jirgin ruwa babu kowa ciki sai kai, ka tsuguna ka zuba ido. Inda toka ta fara yin baƙi, nan ne ƙofar. Ka yi wa wurin alama da gawayi ko alli nan take, domin bayan minti biyar ruwan zai bazu ya ruɗe ka. Ruwa yana da wayo a nan: yakan shiga ta goshi, ya bi ƙarƙashin haƙarƙari, ya taru a tsakiya, mai jirgi ya yi ta liƙe tsakiya alhali lafiyarta lau. In ruwan tafkin da kake aiki yana da kanwa, ka duba farin layin da yake bari a jikin katako in ya bushe, shi ma yana nuna hanyar da yake bi.

In ka gama wannan, ka sake yi da lodi. Sa buhunan yashi daidai nauyin da kake ɗauka ranar aiki, ka sake goge cikin, ka sake barbaɗa toka. Jirgi da yawa ba ya yoyo in babu kaya, sai an danne shi haɗin sama ya shiga ruwa. Daga nan ka sa ƙanenka ya tsaya a goshi, kai kana baya, ku ɗan girgiza shi. In ka ga haɗi yana buɗewa yana rufewa kamar bakin tarwaɗa, yana tofo ruwa, to wannan ba aikin auduga ba ne. Ƙusoshi ne suka saki, ko haƙarƙari ya karye.

Wasu sukan ɗora jirgi a kan gungume a tudu su zuba ruwa ciki su leƙa ƙasa su ga inda ke ɗiga. Dabara ce mai kyau, amma ruwan kada ya wuce yatsa uku ko huɗu. An haɗa jirgi ne don ya jure turin ruwa daga waje. In ka cika shi a tudu, nauyin yana tura falanki waje, ka ƙara wa ƙusoshin da suka gaji wahala.

Ka kuma auna yoyon da lissafi, kada ka tsaya ga "yana sha da yawa". Yanke bidon mai na lita 5 a karkace, ka bar hannunsa da murfinsa, ya zama abin kwarfarka. Ya fi ƙwarya, don bakinsa miƙaƙƙe ne yana kwasar ruwa har ƙasa, kuma ba ya fashewa in an taka. Bar jirgin awa guda da lodinsa, ka kwarfe ka ƙirga. Jirgin katako mai lafiya yakan ɗan yi gumi, bido ɗaya ko biyu a wuni ba abin damuwa ba ne. Bido goma a awa guda ciwo ne. Wannan ƙirgar ita za ta faɗa maka bayan gyara ko aikin ya ci, ita ce kuma za ta fara sanar da kai ranar da wani sabon wuri ya buɗe.

Ga dalilin da ya sa nake matsa maka a kan lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A jirgi irin naka, ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba, wanda ko idon sawu bai rufe ba, ya kai lita 200. Kamar ka ɗauki ƙarti uku ne ba ka sani ba. Kuma waɗannan ƙartin ba sa zama wuri ɗaya: da ka karkata don jan taru, duk su ruga gefen da ka karkata. Yawancin kwale-kwalen da na ga sun kife ba cika suka yi ba, ruwan ciki ne ya gudu gefe guda lokacin da wani ya miƙe tsaye. Sannan rami mai faɗin santimita guda, wanda bai kai kaurin ɗan ƙaramin yatsanka ba, in yana santimita 20 ƙarƙashin ruwa, yana shigo da fiye da lita 5 a minti guda, wato sama da lita 300 a awa. In faɗin ramin ya ninka biyu, ruwan ya ninka huɗu. Kuma gwargwadon yadda jirgi ke yin ƙasa saboda nauyi, haka ruwan ke ƙara ƙarfin shigowa. Shi ya sa yoyo ke farawa a hankali ya ƙare da gaggawa.

Yanzu gyara. Fito da jirgin ka kife shi a inuwa, a kan itace, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu fatarsa ta sha iska. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, amma kuma ba ka so ya koma bushewar da ya fito. Kankare duk kwaltar da ka zuba a kan wuraren da ka yi wa alama har ka ga itace da idonka. Ɗauki tsinin wuƙa ka bi falanki kana sokawa, musamman bakin haɗi, kewayen ƙusa, da ƙarshen falanki a goshi da baya. Lafiyayyen katako yana ƙin wuƙa. Ruɓaɓɓe yana karɓarta kamar dafaffen rogo. Ka kuma ƙwanƙwasa da ƙotar guduma: mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe muryarsa a dushe take. Duk inda ya ruɓe, babu addu'ar kwalta da za ta tashe shi. A yanke har inda itace ke da ƙarfi, a sa sabo, kuma haɗin sabon da tsohon ya faɗo a kan haƙarƙari, kada ya rataya a fili. In ka samu maɗaci ko jan katako mai kyau, shi ne. Farin katako yana da araha da sauƙin aiki, amma a ƙasan jirgi ba ya daɗewa.

Ƙusa kuma ka zare biyu ko uku daga wurare dabam-dabam ka gani. Kanta yana iya zama lafiya alhali tsatsa ta cinye tsakiyarta ta koma kamar allura, daidai inda falanki ya haɗu da haƙarƙari. Baƙin zobe a jikin katako kewaye da kan ƙusa alama ce. In biyu cikin uku sun fito haka, jirgin duka yana son sabon ɗauri. Nemi ƙusa mai farin shafe da ba ta saurin tsatsa, ka huda mata sabon rami kusa da tsohon, ka lanƙwasa bakinta ta ciki ya koma cikin itace. Tsohon ramin kuma ka fiƙe ɗan itace ka tsoma a kwalta ka buga masa. Ramukan ƙusa da aka manta da su suna cikin ɓarayin da suka fi wahalar kamawa. Sai an gama ɗauri ake cusa auduga. Wanda ya cusa auduga a falankin da ke rawa, turawa yake ƙara yi masa.

Cusar kanta ta waje ake yi. Zare tsohuwar da ta ruɓe da lanƙwasasshen ƙarfe. Murza auduga ko tsumman atamfa na auduga zalla ya zama kamar igiya, ko zaren rama in shi ke kusa. Ban da leda, ban da tsumman roba, ban da zaren buhu, domin ba sa kumbura in sun jiƙa, kuma kumburin nan shi muke nema. Da kurfi mai dakusasshen baki da gudumar itace za ka bi layin kana turawa kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya daga farko har ƙarshe. Kunnenka zai gaya maka in ta zauna, don ƙarar bugun tana canzawa. Kada ta ɓullo ta ciki, kada kuma ka cika haɗin har baki, bar ɗan kwari da kwalta za ta kwanta. Mutane sun fi kuskure wajen yawan bugu. Suna ganin ƙarfi shi ne aiki, su dunƙule haɗi tam, ranar da falanki ya ƙarasa kumbura ya rasa wurin zuwa, sai ya bankare ko ya tumɓuke ƙusa. Haɗin da ya buɗe har yatsa na shiga kuwa ya wuce auduga, sai an fere siririn itace an sa masa tukuna.

Masu jiragen kogin Kwara, wajen Mopti, da tsumma da man kaɗe da garin gawayi suke toshe nasu, kuma yana yi musu aiki don ba ya ƙandarewa. Mu nan kwalta ta fi sauƙin samu. Narka ta a gwangwani nesa da jirgi da taru, kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki don tana tartsatsi ta ƙona fuska, kuma kada ka kuskura ka tsinka ta da fetur tana kan wuta. Ni nakan zuba mata ɗan tankaɗaɗɗiyar toka don ta yi jiki, kada zafin bazara ya sa ta zube. A kan layin haɗi za ka bi da ita, siriri. Farin soson nan na cikin kwalin firji da matasa ke narkawa da fetur yana tsayar da ƙaramin yoyo na ɗan lokaci, amma in ya bushe ƙandarewa yake yi, katako kuwa motsi yake, sai ya ɓare.

Maganar kwano. Faci ƙarami a kan tsaga ko rami ɗaya, na yarda da shi: a huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a shimfiɗa tsumma da aka jiƙa da kwalta, a ɗora kwanon, a jera ƙananan ƙusoshi kusa da juna, tazarar yatsa biyu. Amma lulluɓe ƙasan jirgi gaba ɗaya, a'a, ɗana. Ɗaruruwan sababbin ramukan ƙusa za ka yi masa, ruwa zai shiga tsakanin kwano da katako ya kwanta, itacen ya yi ta ruɓewa inda idonka ba ya kaiwa, ranar da kwanon ya yage a kan kututture kuma babu abin da ke bayansa. Haka siminti: nauyi ne, kuma ba ya lanƙwasa tare da jirgi. Haka fiba in an shafa ta a kan katako mai danshi, ɓarewa take yi ta riƙe ruwa a ciki.

Famfo mai batir yana da amfaninsa a manyan jirage masu rufi da hannu ba ya kaiwa ƙasansu. A buɗaɗɗen kwale-kwalen su, ɓawon kifi da yashi da guntayen zaren taru za su toshe shi cikin ƴan kwanaki, adadin litar da aka rubuta a kwalinsa kuma ba shi yake fitarwa ba in an sa masa tiyo ya hau bakin jirgi. Abin da na fi tsoro shi ne yana sa mutum ya daina ƙirga. Yoyo na ƙaruwa, famfo na ɓoyewa, sai ranar da batir ya mutu a tsakiyar tafki. Kuɗinsa ka sayi ƙusa da falanki.

Cikin jirgin ma yana da haƙƙi a kanka. Ƙarƙashin kowane haƙarƙari ya kamata a sami ƴar kafa da ruwa zai bi ya gangara wuri ɗaya mafi zurfi. In babu, ka yanka. In akwai, ka riƙa zura waya kana fitar da laka. Wurin da ruwan ke taruwa a bar shi fili, kada a ɗora masa kaya, abin kwarfa kuma a ɗaure shi da igiya, guda biyu. Yi shimfiɗar sanduna a ƙasa don kifi da taru da ƙafafunku su tashi daga cikin ruwan. Wannan yaron da ke wuni ƙafarsa cikin ruwan tafki, ka lura da fitsarinsa. In ka ga jini, tsargiya ce, a kai shi likita, maganinta sananne ne. Ruwan sama kuma kada a bar shi ya kwana. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kowane murabba'in mita, bakin jirginka ya kai murabba'i 5, ke nan ruwan Agusta mai milimita 40 zai zuba maka lita 200 a dare guda. Ka tuna damina irin ta 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Irin wannan ruwan yana cika jirgin da ke ɗaure har baki, ko da babu rami ko ɗaya a jikinsa. Katakon da ya nutse gaba ɗaya ba ya saurin ruɓewa, busasshe ma haka. Mai ruɓewa shi ne wanda ke kwana da danshi yana shan iska, wato daidai cikin jirgin da aka bar wa ruwa kwance.

Game da inji, kwale-kwalen da aka haɗa don filafili da sanda ba lalle ya ɗauke shi ba. Inji yana da nauyi, yana danne baya, yana girgiza kowace ƙusa, kuma allon baya shi ke ɗaukar duk turin. Sai an ƙara masa kauri, an ɗaure kusurwoyinsa da ƙafafun itace, an sa ƙusa mai noti. Fetur da ya zube cikin jirgi yana narkar da kwalta, tururinsa ya fi iska nauyi yana kwantawa a ƙasa inda mai sigari zai jefa ashana, in ka kwarfe shi cikin tafki kuma kifin da kake ci da shi ka zuba wa. A tsane shi da tsumma a fitar tudu. In har ka kai ga ɗaukar mutane, ka ɗaure bido huɗu ko shida na lita 25, babu komai ciki, murfi a rufe, ƙarƙashin wuraren zama. Kowane yana ɗaga kusan kilo 25, ko jirgin ya cika ba zai tafi ƙasa ba. Rigar ruwa kuma ga kowa, musamman mata masu goyo da yara.

In wuri ya ɓalle kuna tsakiya, kowa ya zauna ƙasa, kada wanda ya miƙe. Cusa riga ko rawani a ramin ka take da ƙafa, a matsar da nauyi ɗaya gefen don ramin ya ɗago, mutum ɗaya na kwarfa ba tsayawa, a nufi gaɓar da ta fi kusa ko da ba ta gida ba ce. Kaya a zubar. In ya cika, a riƙe jikinsa, don jirgin katako marar kaya yakan tsaya a saman ruwa, kuma mai iyo cikin kacalla da tsofaffin taruna ƙafarsa ke sarƙewa.

Hunturu mai zuwa in tafiya ta sake kama ka, nutsar da shi a wuri marar zurfi ka bar wa wani amana. In dole sai tudu, to a inuwa, a kan itace saboda gara, a rufe da zana, a riƙa watsa masa ruwa duk bayan kwana biyu.

Je ka jiƙa shi mako guda, ka yi gwajin toka, ka zare ƙusa uku. Sannan ka aiko mini da abu uku: bido nawa ka kwarfe a awa guda da lodi, wurare nawa ka yi wa alama da gawayi, da hoton ƙusoshin. Da su zan iya gaya maka ko auduga kaɗai yake so, ko sai an sake ɗaure shi, ko kuma kuɗin gyaransa gara a tara su a haɗa sabo.